Kafin ka ɗauko babbar talabijin saboda fina-finan faɗa

Kusan duk mai son fim ɗin faɗa a Bauchi burinsa ɗaya ne: ya tara kuɗi, ya shiga kasuwa, ya ɗauko ƙatuwar talabijin ya kafa a bango. Buri ne mai kyau, ni ma ina da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai zuba duk abin da ya tara a kan girman allo, ya dawo gida ya tarar fim ɗin da ya ƙosa ya gani yana fitowa dishi-dishi, ƙarar bindiga ba nauyi, sannan a ɗauke wuta daidai lokacin da jarumi ya ritsa bos. Kuɗin kallo gida huɗu yake shiga: inda fim ɗin zai fito, allo, sauti, da wuta. Allo ne ya fi ɗaukar ido a shago, amma ba shi ya kamata ya cinye kason sauran ba.

Mu fara da inda za ka riƙa samo fim, don talabijin ba ta gyara kwafi marar kyau, sai ma ta ƙara tona masa asiri. Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce shagon masu turi. Ka miƙa memori ko filash, a cika maka da kuɗi kaɗan, ba ruwanka da data. A nan ne kuma ake samun fassarar Hausa, irin wadda Algaita ta Kano ta yi suna a kai, kuma duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kudancin Indiya da fassara a cikin taron abokai ya san daɗin da ke ciki. Sai dai yawancin abin da ke kwamfutar masu turi an matse shi ne don waya. Fim ɗin awa uku da aka matse ya koma megabayit ɗari huɗu zai yi kyau a tafin hannu, amma a allo mai inci 43 duk wurin da duhu yake zai farfashe ya zama dabbare-dabbare. Ka ce wa mai shagon: "Malam, na talabijin nake so, a duba min mai 1080, ko da zai ci wuri." Idan babu, mai 720 ma ya wadatar. Gaskiya kuma a faɗe ta, mafi yawan waɗannan kwafe-kwafen ba da izinin masu fim ake yaɗa su ba, ko sisi ba ya komawa ga waɗanda suka karya ƙafa wajen shirya su.

Abu biyu ke yawan ba mutane ciwon kai da filash. Idan an tsara shi a FAT32 ba zai karɓi fayil ɗin da ya wuce gigabayit 4 ba, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma ba kowace talabijin ke karanta duka biyun ba. Na biyu, wasu talabijin ba sa gane sautin DTS, sai ka ga hoto yana tafiya amma shiru. Shi ya sa gwaji a shago ya zama dole.

Hanya ta biyu ita ce Netflix, wadda ta fara aiki a Nijeriya tun 2016. Hoto tas, sauti tas, kuma akwai fina-finan da nata ne, kamar Extraction na Chris Hemsworth da ya fito a 2020 da ci gabansa na 2023, mai ɗauke da wannan dogon faɗan na kusan minti 21 da aka haɗa shi kamar kyamara ba ta taɓa yankewa ba. Matsalar ita ce data. A lissafin kamfanin da kansa, awa ɗaya tana iya cin gigabayit 1 a hoto na talaka, 3 a HD, har 7 a 4K. RRR, fim ɗin Indiya na darakta Rajamouli, ya haura awa uku, ke nan zama ɗaya a HD zai iya lashe kusan gigabayit 9. Dabarar ita ce sauke fim a waya da datar dare, a kalla da rana. A kula kuma, tsarinsu mafi araha na waya ne da tablet kawai, kuma hotonsa 480 ne, ba zai buɗe a talabijin ba.

Dikoda ita ce ta uku. DStv da GOtv duk na MultiChoice ne, ɗaya da dish, ɗaya da eriya, ga kuma StarTimes. Idan gidan akwai masu ƙwallo da yara masu katun, kuɗin wata ya biya kansa. Idan kuwa fim ɗin faɗa kaɗai ya kawo ka, ka sani ba kai ke zaɓa ba, abin da aka sa shi za ka kalla, kuma ana maimaici. A wannan ɓangaren na fi ganin ƙimar dish ɗin kyauta mai kamo tashoshin MBC 2 da MBC Action: kuɗin kafawa sau ɗaya, ba biyan wata, kuma suna yanke wuraren da mutum zai ji kunya a gaban iyali. Rubutun ƙasa na Larabci ne, akwai talla, kuma sai ka samu mai saiti da ya san aikinsa.

Sabon fim fa, wanda aka yi watanni ana kallon tallarsa? Nan ne ake gwada haƙurin masoyi. Kwana biyu da fitowarsa a sinima za ka ji an ce ya iso gari, alhali kwafin da wani ya ɗauka da kyamara a ɓoye ne, kawunan mutane na giftawa, sauti kamar daga cikin rijiya. Ina roƙonka ka jira. Pushpa 2 ya shiga sinima ranar 5 ga Disamba 2024, ya hau Netflix a ƙarshen Janairu 2025. John Wick na huɗu ya fito a Maris 2023, kwafinsa mai tsabta ya samu a Mayu. Wata biyu ne, kuma kallon farko ba ya dawowa. Wanda hanya ta kai shi Abuja a makon da babban fim ya fito, ya daure ya shiga sinima ko sau ɗaya ne.

Yanzu allo. Inci 32 yawanci HD ne kawai, ya ishi ɗakin ɗalibi a Yelwa ko Gwallameji. Inci 43 mai Full HD, wato ɗigon hoto 1920 sau 1080, shi nake ganin ya fi dacewa da falon yawancinmu. 4K, wato 3840 sau 2160, ninki huɗu ne na wancan, amma amfaninsa ba ya fitowa sosai sai allo ya kai inci 50 ko 55, kuma sai kana da fim ɗin 4K da za ka ba shi. In daga memori kake kallo, ka biya kuɗin abin da idonka ba zai gani ba.

Abin da ya fi yawan ɗigo muhimmanci ga mai kallon faɗa shi ne yadda allo ke nuna launin baƙi. Rabin fina-finan nan a duhu ake yin su. The Raid na Indunusiya, wanda ya fito da Iko Uwais duniya a 2011, kusan gaba ɗayansa a lungunan wani tsohon bene ne. KGF na Indiya kuwa ramin haƙar zinariya ne da ƙura da inuwa. Allon da baƙinsa ya koma toka-toka zai haɗiye maka rabin naushin. Gilashi iri biyu aka fi samu a talabijin masu matsakaicin kuɗi: VA ya fi baƙi mai zurfi amma launinsa na kodewa idan ka zauna a gefe, IPS kuma ya fi kyau ga taron da ya bazu a tabarma amma baƙinsa bai kai ba. Mai kallo shi kaɗai da dare ya nemi VA. Talabijin mai allon OLED ta fi su duka, kuɗinta ne ba na kowa ba.

Ka tafi shago da filash ɗinka, ko a kasuwar Wunti ne ko a wani wuri, da fim ɗin da ka haddace. Ka ce: "Alhaji, don Allah a jona min wannan in gani." Kada ka tsaya kan hoton furanni da tsuntsaye da suke sakawa, an yi shi ne don ya burge. Ka kai wurin da ya fi duhu, ka tsaya. Ka dubi kusurwoyi huɗu, ko haske na ɓullowa ta gefe. Ka dubi baƙar rigar jarumi, kana ganin maɓalli da karin guga, ko duk ta narke cikin bango? Sannan ka sake shi ya tafi wurin gudun mota, ka ga ko hoto na jan jela. In ta hannu ce, 'yar Kwatano, ka sa a nuna maka farin allo zalla, nan layi da tabo da shuɗin wuri ke bayyana. Ka kuma gwada lambar da ke bayanta da wadda ke cikin saiti, don ana liƙa sunan babban kamfani a jikin kayan da ba nasa ba.

Da ka kai gida, ka cire ta daga Vivid ko Dynamic ka mayar Movie ko Cinema, ka kuma kashe saitin da ke santsantar da motsi. LG na kiransa TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony Motionflow. Ana ɗaukar fim ne da hoto 24 a daƙiƙa, shi kuma wannan saitin yana ƙirƙiro wasu ya cusa a tsakani, sai faɗa ya rasa nauyinsa. A 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sai da suka yi bidiyo takanas suna roƙon masu kallo su kashe shi.

Sauti shi ne inda nake so ka fi sakin hannu. Talabijin ta zamani siririya ce, ba wurin da za a sa lasifika mai kauri. Mad Max: Fury Road na 2015 ya ci Oscar shida, biyu daga ciki na sauti ne, Top Gun: Maverick ma ya ci na sauti a 2023. Wanda ya kalle su da lasifikar talabijin bai ji rugugin injin da aka sha wahala a kansa ba. Zaɓi biyu ne. Hom tiyata mai lasifika biyar da wufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, tana ba ka harsashi yana wucewa ta bayan kunne, amma sai ka ja wayoyi, kuma masu arahar cikinsu ƙara ce kawai, magana ba ta fita. Doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa ƙarƙashin allo, in tana da wufarta daban, ta fi sauƙi, kuma ita nake ba yawancin mutane shawara. Ka tabbata talabijin ɗin tana da ramin HDMI mai rubutun ARC, da shi rimot ɗaya zai riƙe duka. Wajen gwaji kada ka saurari fashewar bam, kowace lasifika na iya wannan. Ka saurari mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa, kiɗa na tafiya a baya. Mai zaman gidan haya kuma, lasifikar kunne mai kyau ta fi masa zaman lafiya da maƙwabta.

Majigi yana da daɗi a tsakar gida da dare lokacin zafin Maris da Afrilu, amma ƙananan masu araha suna ƙarya a kan haskensu, da rana ba ka ganin komai, ƙurar hunturu kuma na shiga cikinsu. Ka tambayi ainihin ɗigon da yake fitarwa, ba wanda aka rubuta yana karɓa ba. Kada ya zama shi ne allonka na kullum.

Wuta kuma ba sai an yi dogon bayani ba. LED mai inci 43 yawanci ba ta kai wat 100, don haka ƙaramar sola da batir da inbata za su riƙe ta da lasifika har fim ya ƙare, ba ƙarar janareta da ke danne magana. Tsohuwar filasma ta ainihi, wadda manyan kamfanoni suka daina ƙerawa tun wajen 2014, hotonta na da kyau amma tana shan wuta ninki biyu ko fiye, ga zafi, ba ta sola ba ce. Ko da wace za ka tashi, ka haɗa da na'urar kariya daga hawa da saukar wuta, ka kuma zare wayar dish idan hadari ya taso da tsawa.

Ka karɓi rasit mai lambar talabijin ɗin da takardar garanti kafin ka fito. A Keke Napep kuma a tsaye za a ɗora ta, wani ya riƙe, don kwantar da ita a kan hanya mai gargada na iya tsaga gilashin, kuma garanti ba ya biyan fashewa.