Kindle ko Littafin Takarda: Wanne Ya Fi Rufa wa Mai Karatu Asiri?

Wanda ya sayi littafin takarda, alaƙarsa da mai shago ta ƙare da zarar ya biya kuɗi. Babu mai sanin shafin da ya tsaya a kai, ko layin da ya ja wa biro, ko sau nawa ya koma kan babi guda.

Kindle, na'urar karanta littattafai wadda kamfanin Amazon ya fitar a 2007, ba haka take ba. Muddin tana haɗe da intanet, takan aika wa kamfanin shafin ƙarshe da aka karanta, da wuraren da aka yi wa alama, da abin da mai karatu ya rubuta a gefe, domin ya ci gaba daga inda ya tsaya ko da a wayarsa ce. Sauƙi ne na gaske, amma tarihin karatun mutum yana hannun wani. Tun 2015 ma kamfanin yake biyan marubutan Kindle Unlimited, tsarinsa na karanta littattafai da biyan kuɗin wata-wata, gwargwadon shafukan da aka karanta, wato ana ƙirga su. Abin da ya fi damuna shi ne na 2009, lokacin da Amazon ya goge wasu littattafai daga na'urorin waɗanda suka riga suka saye su.

Kindle ta fi takarda sauƙin ɗauka, kuma kashe intanet ɗinta yana jinkirta fitar bayanan. Amma littafin da ya shafi lafiyata, ko addinina, ko ra'ayina na siyasa, na fi son in karanta shi a takarda.