Ƙaramin injin ko-ta-kwana: hagu ko dama, a kan allo ko a marataya?

Malam, ka ce jirgin ruwanka na faiba ne, tsawonsa mita biyar da rabi, babban injinsa mai ƙarfin doki 90, sitiyari yana gefen dama, kuma kana so ka ƙara ƙaramin inji mai doki 9.9 saboda jan fatsa a hankali da kuma ranar da babban zai ƙi tashi. Ka tambaya ko hagu za ka ɗaura shi ko dama, sannan ko ka ɗora shi kai tsaye a kan allon baya, wato bangon bayan jirgi inda babban inji yake zaune, ko ka sayi marataya, wadda makanikai ke kira biraket. In jirgina ne, hagu zan sa shi, a kan allon kansa, muddin wurin ya isa. Amma kada ka ɗauki abin huda tukuna, domin akwai jiragen da wannan shawara ba ta karɓe su ba, kuma ramin da aka huda a allon baya ba ya komawa yadda yake.

Don kada mu yi ta saɓani, duk inda na ce hagu ko dama, ina nufin kana tsaye cikin jirgi kana fuskantar goshinsa.

Mu fara da nauyi, don shi ne yake yanke rabin hukuncin. Inji mai doki 9.9 mai bugu huɗu, wanda makanikai ke kira 4-stroke, yakan kai kilo 40 zuwa 50, gwargwadon tsawon ƙafarsa da ko yana da sitata. A jirgi mai mita biyar da rabi wannan ba ƙaramin kaya ba ne, balle an rataya shi a can kusurwa. Kai matuƙi kana dama, sitiyari da kayansa suna dama, sau da yawa batir ma yana can. In ka ƙara injin a wannan gefe, ranar da ka fita kai kaɗai jirgin zai riƙa tafiya a karkace kamar mai ciwon kafaɗa. In ka sa shi a hagu, shi da kai kun yi kunnen doki, ko kusa da haka. Sai dai akwai wani abu da masu goyon bayan dama suke faɗa, kuma gaskiyarsu ne: farfelar yawancin manyan injuna tana juyawa zuwa dama in ka kalle ta daga baya, wannan juyi kuma yana ɗan kwantar da jirgi zuwa hagu lokacin gudu. Saboda haka jirgin da tun asali yake kwantawa hagu in yana gudu, ko wanda abokin tafiya mai jiki yake zama a hagu kullum ga tankin kifi a wannan gefen, ƙara masa kilo 45 a hagu zai sa abin ya ta'azzara. Kai ka san halin jirginka fiye da ni.

Na biyu, yadda jirgin zai miƙe in ƙaramin ne kaɗai yake turawa. Duk injin da ba a tsakiya yake ba, yana karkatar da goshi zuwa ɗaya gefen: na hagu yana tura goshi dama, na dama yana tura shi hagu. Ita kuma farfela mai juyin dama, in ana tafiya gaba, tana ɗan jan gindin jirgi dama, goshi ya leƙa hagu. Ka ga a hagu abubuwan biyu suna rage wa juna ƙarfi, a dama kuwa sun haɗa kai. Bambancin ba shi da yawa, ɗan murɗa inji kaɗan yana gyara shi, amma wanda ya yini yana jan fatsa a gudun kilomita 3 ko 4 a awa zai ji shi a wuyan hannunsa.

Inda dama take cin hagu shi ne hannun tuƙi. A yawancin ƙananan injuna hannun yana fitowa ne daga gefen hagu na injin, don an ƙera shi ne mutum ya zauna a dama ya riƙe da hannun hagu. In injin yana kusurwar hagu, hannun ya matsu da bangon jirgi, sai ka ga kana so ka karya kwana zuwa dama amma hannun ya daki bango ya tsaya. In yana kusurwar dama, hannun ya faɗo wajen tsakiya, inda akwai sarari. To amma a injunan da giyarsu take a gefe, a dama take, don haka ɗaurin dama yana jefa giyar can waje, sai ka miƙa hannu ta bayan inji kana lalube. Injunan da giyarsu take gaba ko a jikin hannun tuƙin sun huta da wannan. Duba naka kafin ka yanke.

Sannan ka leƙa bayan jirgin ka ga wa ya riga ka kama wuri. Idon na'urar gano kifi galibi a dama ake liƙa shi, saboda a can fukafukan farfela suke sauka ƙasa, kumfa ba ta cika dame shi ba. In ka kawo ƙaramin inji kusa da shi, allon na'urar zai cika da tartsatsi, ko ma ƙafar injin ta hana shi wurin zama. Wayar sitiyari ita ma takan bi bangon dama ta shiga babban inji, sandarta kuma ta riƙa fitowa ta hagu in an juya. Wannan sanda abokiyarka ce in kana so ka haɗa injunan biyu da ƙarfe su riƙa juyawa tare daga sitiyari, kuma a ganina wannan haɗi shi ne ya fi komai daɗi, don yana kashe matsalar hannun tuƙi gaba ɗaya. Amma in ba a auna ba, ita ce za ta riƙa sukar ƙaramin injin a haƙarƙari. Tsanin hawa daga ruwa da farantan daidaita jirgi, in kana da su, su ma sai an ba su haƙƙinsu. Tsani dai ba na taɓa shi. Mutumin da ya faɗa ruwa yana bukatarsa fiye da yadda kake bukatar injin ya zauna a gefen da kake so.

Yanzu ga babbar maganar, allo ko marataya.

Ɗaurin kai tsaye ba shi da wata gaɓa da za ta yi sako-sako. Nauyin yana zaune daidai kan allon da aka gina don ɗaukar inji, igiyar tayarwa tana kusa da hannunka, maƙura da giya ma haka. Matsalarsa ɗaya ce, wuri. Dole babban inji ya juya iyakarsa hagu da dama, a sauke da kuma a ɗage, ba tare da murfinsa ya gogi na ƙaramin ba, farfela kuma kada ta kusanci ƙafar ɗan'uwanta. Jiragen da aka yanke allonsu a tsakiya daidai faɗin inji ɗaya, gefe da gefe kuma aka rufe da akwati, ba su bar maka zaɓi ba, sai marataya.

Marataya iri biyu ce. Akwai kafaffiya, wadda ba ta motsi, sai dai ka ɗaga ƙafar injin kamar yadda aka saba. Akwai kuma mai sifirin, wadda ake saukarwa in za a yi aiki, a ɗage in an gama. Mai sifirin tana da ban sha'awa a ido, kuma tana magance matsala ta gaske, don tana nutsar da farfela sosai sannan ta fitar da injin daga ruwa ƙaf lokacin gudu. Amma duk inda aka ce gaɓa, akwai girgiza. Kilo 45 da aka tura baya da taƙi ɗaya ko fiye, yana lilo a kan fil da sifirin yayin da jirgi yake dukan igiyar ruwa ko tirela take faɗawa ramuka, wahalar da yake ba allon ta ninka ta wanda yake zaune a kansa. Da yawa daga cikin tsofaffin maratayu an yi su ne don injuna masu bugu biyu, waɗanda suka fi sauƙin nauyi. Karanta abin da aka rubuta a jikinta, nauyi da ƙarfin doki duka biyu, kuma ka tabbata an ce tana ɗaukar mai bugu huɗu. Kafaffiya ta fi kwanta mini a rai in tsayin ya yi daidai.

Akwai abin da ba ka ganewa sai ranar da ruwa ya ɓaci. Na taɓa shiga jirgin wani aboki da ya sa ƙaramin injinsa a marataya mai sifirin, gajeriyar ƙafa, ya ce ai a tasha ya gwada, lafiya lau. Da yamma iska ta taso, babban inji ya yi tari biyu ya mutu. Ya durƙusa a kan akwatin baya, cikinsa a kan bango, rabin jikinsa a waje, yana jan igiya a karkace don hannunsa bai kai ya ja ta a miƙe ba. A ja na shida ya tashi. Daga nan kuma duk sanda goshi ya nutsa cikin kwarin igiyar ruwa, gindi ya ɗaga, sai farfela ta fito fili ta yi kururuwa, ɗan ruwan da injin yake tsartarwa ta gefe ya yanke, sannan ya dawo. In igiya ta biyo mu ta baya kuma, sai ta wanke murfin injin har sama. Na koma na zauna a can baya don in danne gindin, da haka muka lallaɓa. Wannan tsartuwar ita ce shaidar famfo yana jan ruwan sanyaya inji, kuma robar famfon ba ta jure aiki a bushe, cikin ɗan lokaci take ƙonewa.

Shi ya sa nake cewa tsawon ƙafa ya fi hagu da dama muhimmanci. Ƙafafun injuna kala uku aka fi samu: gajeriya inci 15, doguwa inci 20, da mai inci 25, wato kusan santimita 38, 51 da 64. Kada ka ɗauki awon tsakiyar allo ka yi aiki da shi. Jirgi mai gindin kwari, wato mai siffar V, gindinsa yana tashi sama ta gefe, saman allon ma sau da yawa ya fi tudu a kusurwa, don haka ka auna daidai inda injin zai zauna. Abin da kake nema shi ne farantin da ke saman farfela ya sauka ƙasa da gindin jirgi a wannan wurin, ya kuma nutse aƙalla santimita 10 ko da mutum ya tafi goshi ya tsaya yana jan anka. In kana shakka tsakanin biyu, ɗauki doguwar. Illarta kawai, ka tabbata in an ɗage ta tana fita daga ruwa sarai lokacin da babban inji yake gudu, in ba haka ba za ta riƙa jan ruwa tana watsa muku, tana kuma jijjiga abin da aka ɗaura ta a kai.

Kada kuma ka sa ran doki 9.9 zai ɗaga wannan jirgi ya yi gudu. Kilomita 9 zuwa 10 a awa ne iyakarsa, ko ka murɗe maƙura har ƙarshe sai dai ƙara da shan mai. Farfela mai faɗi, wadda aka yi don turi, ta fi yi maka amfani a kan mai neman gudu.

In marataya ta zama dole, ɗaurinta ba na dunƙulen sukurori ba ne. A huda allon har ciki, a sa noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, a ɗora faranti mai kauri ta ciki ya raba nauyin, a cika kowane rami da gam mai hana ruwa. Allon jiragen faiba da yawa katako ne a tsakiyarsa, in ruwa ya samu hanya zai ruɓe a ɓoye, ba ka sani ba sai ranar da ka ga noti yana nutsewa. Injin kansa, ko a allo ko a marataya, kada ka dogara da maƙullan hannu biyun nan kaɗai, girgiza tana kwance su. Ƙara masa noti, ka kuma ɗaure shi da sarƙa ko waya a wani ƙarfe mai ƙarfi na jikin jirgi.

Batun mai, a taƙaice: tunda ka ambaci ko-ta-kwana, ba shi tankinsa daban. Ruwa ko datti a fetur yana cikin abubuwan da suka fi kashe inji a tsakiyar tafiya, kuma in tanki ɗaya suke sha, abin da ya kashe babba shi zai kashe ƙarami. Ka ajiye tankin a gefen da jirgin yake bukatar nauyi.

Ga abin da zan so ka yi kafin ka huda ko ina. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka cika jarka biyu masu lita 20, ka ƙara 'yar ƙarama in injinka mai sitata ne. Ɗaure su a kusurwar hagu, can jikin allo, ka shiga ruwa da kayan da ka saba ɗauka. Tsaya cik ka dubi yadda jirgin ya zauna, ka leƙa ramukan da ruwan cikin jirgi yake fita ta nan ka ga ko sun nutse. Yi gudu, karya kwana hagu da dama. Mayar da jarkokin dama ka maimaita, sau ɗaya kai kaɗai, sau ɗaya da abokin tafiyarka. Bayan nan ka fitar da jirgin, ka samu mutum biyu su riƙe maka injin a gefen da ya fi zama daidai, kai kuma ka juya sitiyari iyakarsa kana ɗaga babban inji kana saukewa. In tafin hannunka yana wucewa tsakanin murfin biyu a kowane hali, yi alama da fensir a nan. In bai wuce ba, auna faɗin allon daga jikin babban inji zuwa kusurwa, da tsayinsa a wannan wurin, ka faɗa mini, sai mu duba wace marataya ce za ta shiga.