Windows 11 ko a zauna kan ta da: abin da zan saya da abin da ba zan ƙara saya ba

Tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 wayata ba ta huta ba, kowa tambayarsa ɗaya, Malam in sa Windows 11 ne ko in bari, Malam laftof ɗina za ta ɗauka kuwa. Abin da na lura da shi kuma, yawancin masu tambayar ba maganar tsaro ce ta dame su ba, fuskar sabuwar suka gani a laftof ɗin wani, alamomin ƙasan allo sun dawo tsakiya, ga shuɗin hoton nan mai kama da yadin da aka naɗe, shi ke nan tasu ta fita ransu. Ni sana'ata buga takardu da furojet ɗin ɗalibai a nan Tudun Wada, kwamfuta ita ce gonata, don haka ba zan ɓoye ba ina da ɓangaren da na fi so.

Ba yau aka fara wannan ba. Waɗanda suka yi zamanin kafe za su tuna Windows Vista a 2007, tagogi kamar gilashi kana hango abin da ke bayansu, kowa ya ruɗe, amma kwamfutocin lokacin masu RAM 512MB suka kasa numfashi, da yawa suka koma XP shiru. Windows 8 ma a 2012 an cire maɓallin Start don a yi sabon ado, sai da aka dawo da shi a 8.1 shekara ɗaya bayan nan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To ga abin da ke gabanka. Windows 10 ɗinka ba ta mutu ba, za ta kunnu, Word zai buɗe, firinta za ta yi aiki, abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turowa duk wata. Akwai shirin ƙarin wa'adi da suke kira ESU wanda zai kai mutum har 13 ga Oktoba 2026, ko ka biya dala 30, ko ka shiga da asusun Microsoft ka kunna ajiyar saitinka a samu kyauta, amma sai Windows 10 ɗin ta kasance 22H2, rubuta winver a wurin bincike ka gani. Wannan jinkiri ne kawai na tara kuɗi, in kana shiga banki ko kana biyan kuɗin makaranta da laftof ɗin kar ka mayar da shi wurin zama.

Mac kuwa in kana da kuɗinta Allah ya ƙara buɗi, sabuwar macOS Tahoe ma ado irin na gilashi aka yi mata, amma ranar da allonta ya fashe za ka san farashin kyau. ChromeOS Flex, manhajar Google da ake sawa a madadin Windows, rayuwarta intanet ce, mu da muke lissafin data ba tamu ba ce.

Linux Mint, wata manhajar da ita ma ake sawa a madadin Windows, ta cancanci a tsaya mata kaɗan saboda kyauta ce, ba ta neman TPM, wato ɗan guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata a cikin kwamfuta, kuma tana raya tsohuwar laftof ɗin da Windows ke shaƙewa a kai, Mint 22 za ta ci gaba da samun sabuntawa har 2029. In aikinka burauza ne da kallon darasi da rubutu a LibreOffice, kishiyar Word ta kyauta, ta ishe ka. Amma CorelDraw ba ya hawa kanta, kuma takardar Word mai teburi da yawa wani lokaci shafukanta kan zame in an buɗe a LibreOffice, ɗalibin da zai kai wa sufabaiza furojet ba zai yafe maka ba in lambar shafi ta gauraye. Shi ya sa na sa ta a tsohuwar kwamfutar yara a gida, ban sa ta a shago ba.

Saura Windows 11, wadda ta fito tun 5 ga Oktoba 2021. A takarda tana neman RAM 4GB da wurin ajiya 64GB da Secure Boot da TPM 2.0, sannan firosesa Intel jenareshon na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wannan 4GB ɗin ka manta da shi, kunnuwa kawai za ta yi, da ka buɗe Chrome da Word tare sai jira. 8GB ne farkon magana, kuma sai SSD, wato wurin ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, in har tsohon had dis mai juyawa ne a ciki duk kyan fuskar nan za ka zauna kana kallonta ne tana tunani.

Abin da na fi so, kuma shi nake faɗa wa duk wanda ya zo da kuɗinsa yana neman ta hannu, ThinkPad T480 ce mai i5-8250U ko i5-8350U. Ba ta da kyau, wannan gaskiya ne, baƙa ce wuluk kamar allon makaranta, ga ɗan jan maɓalli a tsakiyar kibod, in ka ajiye ta kusa da sirarar laftof mai ruwan azurfa ba wanda zai kalle ta. Amma wanda ya tsara ta kamar ya san halin wutarmu, batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje, na wajen kana iya zare shi ka sa wani ba tare da ka kashe ta ba, kuma akwai babban na waje mai 72Wh wanda yake ɗan ɗaga bayanta sama, wannan ɗagawar ma amfani ce don iska na shiga ta ƙasa a zafin Maris da Afrilu. Ranar da aka ɗauke wuta tun safe ina tsakiyar buga wa wata ɗaliba babi na huɗu, tana zaune a benci da fayil a cinya tana duba agogo, ban tashi neman mai a galan ba, na juya laftof ɗin na zare batir na sa na biyu muka ƙarasa. Ramin RAM biyu ne kuma ba a narke shi a jikin bod ba, yau ka sa 8 gobe in ka samu kuɗi ka ƙara 8. Cajinta ta USB-C ne, ba sai ka zagaye Ahmadu Bello Way kana neman caja mai wani irin baki ba, babbar fawa bank mai 65W ma tana iya cajinta. Murfin ƙasa yana buɗuwa da sukundireba, ka hure ƙurar hunturu daga fanka da kanka. Kibod ɗin kuma duk wanda yake buga shafi hamsin a rana zai gane abin da nake nufi, yatsu ba sa gajiya. Sannan jenareshon na 8 ɗin ba suna kawai ba ne, i5-7200U ta jenareshon na 7 ƙwaƙwalwa biyu gare ta, i5-8250U huɗu, bambancin kana jin sa a hannu.

EliteBook 840 G5 ta fi ta kyan gani kuma tana ɗaukar Windows 11 lafiya, batirinta ɗaya ne dai. Latitude 7490 ma haka.

In ka hau Windows 11 ɗin, adon da ya ja ka shi ne farkon abin da zan ce ka rage. Shiga Settings, Accessibility, Visual effects, ka kashe Transparency da Animation, nan take za ka ga tagogi na buɗuwa da sauri. Alamomin da ke tsakiya in hannunka ya saba da hagu ana mayar da su ta Taskbar behaviors. Danna dama a kan fayil an taƙaita shi, sai ka ƙara danna Show more options kafin ka ga tsohon jerin, wannan har yanzu bai yi mini ba. Abin da na ga ya fi ado amfani shi ne jera tagogi biyu ko uku a allo ɗaya da ɗora maus a kan maɓallin faɗaɗawa, mai kwafe rubutu daga hoto zuwa Word zai ji daɗinsa. Ka sa wayfai ɗinka a Metered connection kuma, in ba haka ba za ka jona hotsifot ka ga data ta ƙare ba ka buɗe komai ba, fayil ɗin Windows 11 kansa ya haura 5GB, a nemi wurin da data ba ta da lissafi a sauke.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai. Ɗan ƙanwata ya samu makaranta, uwarsa ta tara kuɗin adashe ta ba ni ta ce Yaya kai ka san kan abin, na shiga wani shago a cikin gari da sauri saboda magariba ta kusa. Mai shagon ya juyo mini da allo ya ce Alhaji duba, Windows 11 ce orijina, ga sitika Core i7, wannan sai manya. Na ga fuska fes, na buɗe Word na rufe, na biya. Ba a yi wata uku ba yaron ya kira ni, Kawu ta fara rubuta Activate Windows a gefe, kuma tana wani ƙara ƙas ƙas daga ciki. Da na buɗe sai na tarar i7-6600U ce, jenareshon na 6, an tura mata Windows 11 ta ƙarfi, had dis ne tsoho a ciki ba SSD ba, an kashe Defender, manhajar tsaron Windows, gaba ɗaya don kar ta kama manhajar satar lasisi da aka dasa. Had dis ɗin ya mutu da aikinsa na zango guda, yaron ya zauna a shagona idonsa jawur bai ce komai ba, kuɗin adashen uwarsa ne fa. Na koma wurin mutumin ya ce ai na gwada kafin na biya.

Don haka ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce cewa laftof ɗin ta cancanta, da manhajar Rufus da fulas ana tsallake binciken TPM da na firosesa cikin minti kaɗan, kuma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa irin wannan ba ta da tabbacin samun sabuntawa. In tsohuwar laftof ɗinka ce ka yi da saninka wannan ruwanka, amma a sayar maka da ita a farashin sabon zubi zalunci ne. Kalmar i7 ita kaɗai ba ta nufin komai, lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ce magana, 6600 na 6 ne, 8650 na 8 ne, i5 na 8 ta fi i7 na 6 nesa ba kusa ba. Sitika ana sayar da ita ana mannawa. Sunan firosesa da ke fitowa a About ma ana iya canza shi ta rajistar saitin Windows (Registry), don haka ka kashe laftof ɗin da hannunka ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, F1 a ThinkPad, F10 a HP, F2 a Dell, ka karanta a can. In BIOS ɗin ta nemi faswod kuma mai shago ya ce bai sani ba, ajiye ta ka tafi. Har T480 ɗin da nake yabo akwai masu i5-7200U da 7300U, 840 G5 ma haka, jiki ɗaya ciki daban, kar sunan model ya kwantar maka da hankali. Wasu T480 ɗin ma babu batirin ciki, wasu an cire an sayar daban.

Lasisi kuma, buɗe Command Prompt ka rubuta slmgr /xpr, in ta ce permanently activated to da sauƙi, in ta nuna ranar ƙarewa to irin ta kwana 180 ɗin nan ce da ake yi da manhajar sata. Rubuta tpm.msc ka ga 2.0. Rubuta powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage, kar ka yarda da "tana yin awa biyar". Task Manager zai nuna maka SSD ne ko HDD. In T480 ce ka gwada ramin USB-C ɗinta biyu da caja. Duk abin da aka kira Windows 11 Lite ko Super Lite ka guje shi, wani ne da ba ka sani ba ya yanke ya ɗinke, sau da yawa abin da yake cirewa don ta yi sauri shi ne tsaron, kyan ɗan maciji ke nan. Saƙon WhatsApp mai cewa danna nan ka samu Windows 11 kyauta shi ma kar ka taɓa, in Windows 10 ɗinka ta gaskiya ce kuma laftof ɗin ta cika sharaɗi, hawan kyauta ne ta Windows Update, PC Health Check zai faɗa maka ko ta cika.

Akwai wani da mutane ba su cika sani ba, yawancin laftof ɗin hannu daga kamfanonin waje suke fitowa, wasu ba a cire su daga rajistar kamfanin ba, tana aiki lafiya sai ranar da ka yi fomat ka jona intanet ta fito da sunan wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikaci. Shi ya sa nake cewa a sake sa Windows a gabanka a shagon da intanet a jone, ko da za ka yi awa biyu a zaune, ka je da safe kar ka je dab da magariba.

Wanda tasa ta cika sharaɗi kuma zai hau, ka kwashe fayilolinka a fulas ko had dis na waje tukuna, ka jona caji kuma ka tabbata batir ya cika don kar wuta ta yanke a tsakiya, bayan hawa ka gwada firinta da sikana a ranar, tsofaffin firintoci wani lokaci direbansu kan ba da wahala, kwana 10 gare ka na komawa Windows 10 ta Recovery in abin bai yi ba. Mai saye kuma ka sa a rubuta maka cikakkiyar lambar firosesa da girman RAM da SSD da lambar jikin laftof ɗin a rasit, da kwanakin garanti, mai shago ya sa hannu.