Masu sayen duwatsu ta hoto, ku dinga kallon yatsun mai riƙewa

Salam jama'a. Don Allah masu sayen duwatsun ado ta intanet ku yi hattara, akwai wani da ke tallan yakutu da zumurrudu a Facebook da Instagram, kama sunansa ma ba shi da amfani don kullum cikin canja sunan shafi yake, amma salon ɗaya ne. Ni kaina ya yi min, kuma abin kunyar shi ne ɗaukar hoton irin waɗannan duwatsun sana'ata ce fa.

Wani yakutu na gani a shafin, ja jawur kamar garwashi, ya cika fuskar waya, ban yi wata-wata ba na tura kuɗi. Kaya na isowa na buɗe, sai ga wani ɗan mitsitsi da kaɗan ya fi kan ashana, launin ma dishi-dishi. Da na ɗora masa madubin nan mai ƙara girma sau 10 sai ga kumfa ƙanana a ciki, ga wani shuɗi-shuɗi na gilmawa ta cikin tsagin in an juya shi, wato irin fasasshen yakutun nan ne da ake ɗura wa gilashi mai dalma, wanda ya fara shigowa kasuwa wajen 2004. Wutar maƙeri ko sinadarin wanki kawai sai su ɓata shi.

Sai daga baya na koma kan hoton, wallahi amsar na nan ƙarara ni ne ban duba ba. Yatsun da ke riƙe da dutsen sun yi ja kamar an ƙona su, farcen ma ja, farar takardar da ke gefe ta koma ruwan hoda. An ƙure launin hoton ne gaba ɗaya, kuma mai gyaran ya manta ba dutsen kaɗai ke canjawa ba. Banda haka ya kunna tocila ta ƙasa, ya shafa mai ko ruwa don tsagin ya ɓace, ya matso da kyamara dab da dab ba tare da ya ajiye komai a gefe da zai nuna girman ba. Karat ɗaya, wato ma'aunin nauyin duwatsun nan, gram 0.2 ne kacal, karat 5 ke ba da gram 1, amma a hoto sai ka rantse dunƙule ne.

Mu ma muna gyara haske, ba laifi ba ne. Goge ƙura da shatin yatsa, hasken taga mai laushi, farar takarda ko mai ruwan toka, a ɗan karkata dutsen har fuskokinsa su kama haske, shi ke nan. Wanda ke da kaya mai kyau ba ya gudun wannan. To ku ce ya yi muku bidiyo a bakin taga da rana, ya goge dutsen da ƙyalle kuna gani, ya ɗora kan farar takarda da ya rubuta kwanan wata da hannu, ga rula a gefe, ya juya shi gaba da baya. Hoton kuma ku saka a Google Lens, da yawa na sata ne. In ya turo takardar shaidar GIA, wato cibiyar tantance duwatsun ado ta Amurka, ku shiga shafinsu ku buga lambar, ku gwada nauyi da awon da ke jiki.

Kada kuma ya ruɗe ku da bidiyon karce gilashi da dutsen wai don nuna na gaske ne. Yakutun da ake haɗawa a masana'anta, wanda wani masanin kimiyya mai suna Verneuil ya bayyana hanyar yinsa a Faransa tun 1902, taurinsa 9 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs daidai da wanda ake haƙowa, kai ko dutsen kwaz (quartz) mai taurin 7 ma na karce gilashi.

Da na yi magana ya toshe ni. Jiya na ci karo da sabon shafinsa, suna daban, hoton dai shi ne, har jajayen yatsun bai gyara ba.