Ziyarata Gidan Tarihin Benfica da Filin Wasa na Luz

Na sayi tikitin da ya haɗa zagayen filin wasa na Estádio da Luz da shiga gidan tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Benfica a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, duk da cewa ni ba magoyin bayanta ba ne, kuma ban yi da-na-sanin kuɗin da na kashe ba. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a tashar Colégio Militar/Luz, daga nan na taka da ƙafa har zuwa harabar da mutum-mutumin Eusébio, shahararren tsohon ɗan wasan ƙungiyar, yake.

Zagayen filin bai ɗauki dogon lokaci ba. Jagora ya kai mu ɗakin sauya kaya na baƙi da zauren 'yan jarida, sannan muka fito bakin ciyawa ta hanyar da 'yan wasa suke bi, muka kuma ga mikiyar da ake saki ta kewaya filin kafin a take wasa. An buɗe filin ne a 2003, kuma a cikinsa Girka ta doke Fotugal da ci 1-0 a wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai ta 2004. Wanda ya taɓa zagaya wani babban fili a Turai ba zai ga sabon abu da yawa a nan ba.

Gidan tarihin ne ya biya ni. An buɗe shi a 2013 da sunan Cosme Damião, ɗaya daga cikin matasan da suka kafa ƙungiyar a ranar 28 ga Fabrairu, 1904 da sunan Sport Lisboa, kafin ta haɗe da wata ƙungiyar unguwar Benfica a 1908. Kofunan cikin gida sun yi yawan da ido yake gajiya da su, domin ƙungiyar ta lashe gasar lig ta Fotugal sau 38, fiye da kowace abokiyar hamayyarta, har da kakar 1972-73 da ta kammala ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Amma inda jama'a suka fi yin cirko-cirko shi ne gaban kofunan zakarun Turai guda biyu: na 1961, da aka samu bayan doke Barcelona 3-2 a Bern, da na 1962, da aka ƙwace a hannun Real Madrid da ci 5-3 a Amsterdam, dukkansu a ƙarƙashin koci Béla Guttmann ɗan ƙasar Hungary.

A sashen da aka keɓe wa Eusébio na fi daɗewa, kuma a nan ne na fahimci cewa zamanin da Benfica take alfahari da shi zamani ne da 'yan Afirka suka riƙe mata ƙashin baya. Har kusan ƙarshen shekarun 1970 ƙungiyar ba ta ɗaukar ɗan ƙasar waje, sai dai har zuwa 1975 Mozambik da Angola suna ƙarƙashin mulkin mallakar Fotugal, saboda haka ana lissafa 'ya'yansu a matsayin 'yan gida. Ta wannan ƙofa Mário Coluna, wanda ya daɗe yana kyaftin, ya shigo daga Mozambik, haka ma Eusébio, haifaffen birnin da yau ake kira Maputo, wanda ya zura ƙwallo biyu a ragar Madrid yana ɗan shekara 20, ya kuma karɓi kyautar Ballon d'Or a 1965. Na tsaya gaban hotunansu ina tunanin yadda Afirka ta ba da gwanaye, tarihi kuma ya rubuta nasarar da sunan Turai.

Tun daga 1962 Benfica ta kai wasan ƙarshe na gasannin Turai sau takwas, ta sha kashi a dukkansu, na baya-bayan nan a hannun Chelsea a 2013 da Sevilla a 2014. Magoya baya suna danganta hakan da bakin da ake cewa Guttmann ya yi wa ƙungiyar sa'ad da ya bar ta kan rigimar kuɗi. Ni dai ina ganin arzikin ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya da Italiya, waɗanda suke saye mata gwanaye duk shekara, ya fi kowane baki bayyana dalili.

Kuskurena shi ne na ware wa gidan tarihin awa ɗaya kacal, alhali hawa uku ne, don haka na ratsa hawan ƙarshe a gurguje. Wanda zai je ya ware aƙalla awa biyu, ya kuma duba jadawalin wasanni tukuna, domin a ranar wasa tsarin zagayen filin yakan sauya.