GTX 1060, RX 580 ko GTX 1660 Super: wane tsohon katin girafik ne ya dace da zafin Yamai?

Duk wanda ya zagaya shagunan kayan kwamfuta na Yamai, daga kewayen Babbar Kasuwa zuwa rumfunan masu gyara da ke cikin unguwanni, zai lura cewa katin girafik na hannu, wato allon da ake sokawa cikin kwamfuta don ya zana hotunan wasa, shi ne ke riƙe da ciniki, wanda ya riga ya yi shekarunsa a Turai ko Sin kafin ya iso nan. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma bin doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso, sabon kati ya ƙara yin nisa da aljihun ɗalibi da na mai ɗakin wasa. Waɗanda aka fi tararwa a kan kanta su ne GTX 1050 Ti, GTX 1060, RX 580, GTX 1650 da GTX 1660 Super. Na yi aiki da su duka, kuma abin da na gani shi ne, ma'aunin da masu sharhi na ƙasashen sanyi suke bi, wato yawan hotunan da kati ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya, bai wadatar ba a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wuta kuma ke zuwa tana komawa.

Gardamar da ta fi daɗewa ita ce tsakanin GTX 1060 mai memori giga 6 da RX 580 mai giga 8. Nvidia ta fitar da na farkon a watan Yulin 2016 a kan dalar Amurka 249, AMD kuma ta fitar da na biyun a watan Afrilun 2017 a kan dala 229. A kan allo mai 1080p, kunnen doki suke yi. Tsofaffin wasanni irin su GTA V sun fi sakewa a kan GTX 1060, yayin da wasannin da aka gina a kan DirectX 12 ko Vulkan sukan ba RX 580 ɗan rinjaye, kuma giga biyun da ya ɗara da su suna amfani idan wasa ya cika memori da manyan zane-zane. Idan a nan lissafi ya tsaya, RX 580 ne ya ci, tun da sau da yawa shi ya fi araha a kasuwa. Amma GTX 1060 wat 120 yake sha ta waya ɗaya mai baki shida, RX 580 kuwa wat 185 ta waya mai baki takwas, kuma kamfanonin da kansu sun ba da shawarar akwatin wuta, wato wanda ke raba wa sassan kwamfuta lantarki, mai wat 400 ga na farko, mai wat 500 ga na biyu. Wannan bambanci na wat 65 ba ƙarami ba ne. Mai ɗakin wasa da ke kunna na'ura awa goma a yini har tsawon wata guda zai ga ƙarin abin da ya kai kilowat-awa 19.5 a kowace na'ura, idan na'urorinsa goma ne kuma ya doshi 200. Duk wannan wutar zafi take komawa a cikin ɗaki, fankar katin ta yi ta kuka, ondilar, wato batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, kuma ta kasa riƙe ta ko da na mintunan da mutum zai ajiye wasansa ya kashe. Wanda ke kan batirin sola ya fi kowa jin wannan a jikinsa.

Akwai kuma tarihin da RX 580 ke ɗauke da shi. Shi da ƙaninsa RX 570 sun kasance cikin katunan da masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suka fi saye, suna jera su ɗaruruwa suna aiki dare da rana. Da Ethereum ya daina amfani da haƙa a ranar 15 ga Satumban 2022, sai aka zubo waɗannan katuna kasuwannin duniya, wasu aka sake masu riga da fanka da kwali mai sheƙi, aka sayar da su a matsayin sababbi. Haƙa kaɗai ba ta kashe kati, domin masu yin ta sukan rage masa wuta don su tsira da riba, sai dai fanka tana gajiya, memori yana shan wahala, kuma da yawa an canza masu BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune a cikin katin, abin da kan sa direban AMD, manhajar da ke haɗa katin da Windows, ya ƙi karɓar katin, Windows ta nuna kuskure mai lamba 43. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin a 2018. RX 580 na gaskiya yana da ƙananan injuna 2304, wannan kuwa 2048 gare shi, daidai da RX 570. Kati ne mai aiki, ban raina shi ba, amma kuɗin RX 570 ya kamata a biya a kansa. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna wannan lamba nan take.

Nvidia ma tana da nata tarkon. GTX 1060 mai giga 3 ba memori kaɗai aka rage masa ba, injunansa 1152 ne maimakon 1280, kuma giga 3 sun yi kaɗan ga wasannin yau. GTX 970 na 2014, wanda har yanzu ake gani jefi-jefi, an rubuta masa giga 4 amma 3.5 ne ke gudu sosai, sauran rabin gigan yana tafiyar hawainiya, lamarin da ya kai kamfanin gaban kotu a Amurka har ya amince a 2016 zai biya masu saye dala 30 kowanne. Waɗannan biyun ban ga dalilin sayensu ba sai idan farashinsu ya faɗi ƙasa warwas.

Yawancin masu saye a nan ba sabuwar na'ura suke haɗawa ba. Tsohuwar kwamfutar ofis ce suke da ita, Dell OptiPlex ko HP ProDesk, wadda akwatin wutarta bai cika wuce wat 240 ba, ba shi da wayar katin girafik, kuma a wasu samfurori ba ya canzuwa da sauƙi domin bakin wayoyinsa na kamfanin ne kaɗai. A irin wannan na'ura maganar RX 580 ba ta ma taso ba. Ramin da ake soka kati a ciki wat 75 yake bayarwa, saboda haka zaɓi ya rage tsakanin GTX 1050 Ti na watan Oktoban 2016 da GTX 1650 na watan Afrilun 2019, dukansu masu giga 4. GTX 1650 ya fi ƙarfi da tazara mai kyau, shi nake zaɓa, amma a duba da kyau domin wasu samfurorinsa suna neman waya mai baki shida, sannan kwamfuta mai siririn jiki gajeren kati take ɗauka. Gaskiya ne RX 570 ya fi GTX 1650 gudu a mafi yawan wasanni, kuma yakan fi shi araha, sai dai yana shan wat 150, ninki biyu kenan. Wasu masu gyara sukan warware matsalar da 'yar wayar da ke ɗebo wuta daga bakin SATA, wanda ke ba faifan ajiya wuta, zuwa kati. Ban yarda da wannan dabara ba ko kaɗan, domin an ƙera bakin SATA ne don ɗaukar kusan wat 54, kuma na ga wanda robarsa ta narke ta manne da waya, warin ƙuna ya cika shago.

GTX 1050 Ti shi ne aka fi yi wa jabu. Ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya masa BIOS ya riƙa kiran kansa 1050 Ti, Windows ma ta yarda, sai an shiga wasa ya tsaya cak ko ya fita da kansa. Alamar da ido ke gani ita ce shuɗin bakin VGA a bayan katin. Zuriyar GTX 10 ta bar fitar da irin wannan sigina, don haka 1050 Ti mai bakin VGA abin a yi hattara ne, musamman idan ba a san sunan kamfanin da ke jikin kwalin ba.

Tun da ƙwallo ce ke cika ɗakunan wasa a Yamai, yana da kyau a auna da ita. Mafi ƙarancin abin da EA Sports FC 24 ke nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, abin da aka fi so kuma GTX 1660 ko RX 5600 XT. Ma'anar wannan a aikace ita ce 1050 Ti zai buɗe wasan, amma sai an sassauke komai, kuma a lokacin bugun kusurwa, da 'yan wasa suka taru cikin da'ira, ana jin hoto yana ɗan sarƙewa. Masu PES 2017 da PES 2021 ba su da wannan damuwa, kowanne cikin katunan nan zai ɗauke su ba gumi. Ya kamata a ce kuma sarƙewar ba kullum laifin kati ba ce. Tsohon Core i5 na zuriya ta uku ko ta huɗu da RAM giga 8 sukan hana kati mai ƙarfi sakewa, kuma ƙara RAM zuwa giga 16 tare da sanya SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, yakan fi canza kati tasiri a irin wannan na'ura.

Wanda na fi gamsuwa da shi cikinsu duka shi ne GTX 1660 Super, wanda ya fito a watan Oktoban 2019 a kan dala 229. Giga 6 gare shi kamar GTX 1060, amma memorinsa GDDR6 ne, yana kwasar bayanai giga 336 a daƙiƙa inda 1060 ke kwasar 192, kuma a wasa yana gaba da shi da kusan kashi ɗaya bisa uku. Abin da ya fi burge ni shi ne wat 125 kacal yake sha, wato ƙarin wat biyar a kan 1060, ragin wat 60 a kan RX 580. Ga kuma maganar direba, wadda mutane ba su cika kula da ita ba sai sabon wasa ya ƙi tashi. Tun 2023 AMD ta ware zuriyar RX 400 da RX 500 daga manyan sabuntawarta, Nvidia kuma ta tsayar da direbobin wasa na zuriyar GTX 900 da GTX 10 a watan Oktoban 2025, ta bar masu gyaran tsaro kawai har zuwa 2028. GTX 1650 da 1660 Super an gina su a kan Turing, tsarin Nvidia da ya biyo bayan na GTX 10, wanda bai shiga wannan yankan ba. A ganina, idan farashin 1660 Super bai ɗara na 1060 da fiye da kashi ɗaya bisa uku ba, babu abin tsayawa tunani. Iyakarsa dai a fili take: ba shi da DLSS, dabarar Nvidia ta ƙara wa wasa gudu, ba shi da injunan bin haske, saboda haka wasanni irin su Doom: The Dark Ages na 2025, da suka wajabta fasahar bin haske, ba za su buɗe a kansa ba, kamar yadda ba za su buɗe a kan sauran huɗun ba. Mai son irin waɗannan sai ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin RX 6600 na 2021, mai giga 8 da wat 132, idan ya dace da shi a kasuwa.

Ko wanne mutum ya ɗauka, lafiyar katin ta fi sunansa muhimmanci, kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa kowane kamfani. Idan aka kwance sukurori huɗun da ke bayan tsohon kati aka ɗaga ƙarfen sanyaya, abin da aka saba gani shi ne jar ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen har iska ba ta ratsawa, man da ke kan ƙwaƙwalwar kuma ya bushe ya tsattsage kamar laka a bakin kogi bayan janyewar ruwa. A goge shi da auduga da sinadarin goge na'ura, a ɗiga sabon mai gwargwadon ƙwayar wake, a busa ƙurar tare da riƙe fanka da yatsa don kada ta juya fiye da kima. Wannan ɗan aiki kaɗai yakan sauko da zafi sosai. Wanda ya riga ya mallaki RX 580 ba sai ya rabu da shi ba, domin a cikin manhajar AMD Adrenalin akwai inda ake rage ƙarfin wutar da ke shiga katin, kuma idan aka rage a hankali ana gwadawa, zafi da ƙara sukan ragu ba tare da wasa ya nuna wani bambanci ba.

A shago kuwa, kada a yarda da ganin hoton Windows a allo a matsayin gwaji, domin katin da ya kusa mutuwa ma yana nuna wannan. Idan mai saye ya ce, "Elhaji, don Allah a sa mini shi cikin na'ura, a buɗe wasa in gani," amsar da aka saba ji ita ce, "Haba Malam, ai yanzun nan yaro ya gwada shi, garau yake." A yi murmushi a nace. Wasa mai nauyi na kusan rabin awa ya isa ya tona asiri: a buɗe GPU-Z a gefe, a duba ko zafi yana wuce digiri 85, a lura ko ƙananan ɗigo masu launi ko layuka suna gilmawa a allo, a kasa kunne ko fanka tana karkarwa, a kuma gwada kowane baki na HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya. Masu shago na kirki suna nan, kuma sukan ba da garanti na 'yan kwanaki idan an nema, amma a tabbata an rubuta kwanakin a kan rasit tare da lambar da ke manne a bayan katin, ta yadda idan aka dawo da shi ba za a tsaya musu a kan ko shi ne aka saya ba.