Kaset ɗin Sega a Tokyo: abin da na gani, Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yaran gida.

Maganar kaset ɗin wasannin bidiyo na Sega da ka ce in dubo maka, na zaga. Abu na farko, a nan Japan gwanjo ba ya nufin kayan da suka ga jiya suka ga yau. Kaset na 1991 za ka same shi cikin kwalinsa, da ɗan littafinsa, an naɗe shi da leda, an manna takarda da ke faɗin ko akwai ƙarzuwa a jiki. A shagunan Hard Off sai sun gwada na'ura kafin su ɗora mata farashi, wasu har da garanti. Waɗanda ba su gwada ba kuma suna zuba su cikin shuɗɗan kwanduna a gefe, da arha sosai, in ka saya ka sayi sa'arka. Mu can ai sai dai mai shago ya hura kaset ɗin da baki ya rantse maka.

Sai dai Mega Drive, na'urar wasan Sega wadda ta fito a 1988, ba ta yi kasuwa a gidanta Japan ba. Super Famicom ta Nintendo ce ta cinye ta. Shi ya sa kaset ɗinta ba su da yawa, masu kyau kuma sun yi tsada, musamman a unguwar Akihabara inda 'yan yawon buɗe ido ke rububi a shaguna irin Super Potato. A shagunan bayan gari ake samun sauƙi.

Na ƙwallo su ne mafi arha. J.League Pro Striker na 1993, shekarar da aka fara gasar ƙwararru ta Japan, yana da sauri da daɗin bugawa, amma ƙungiyoyin duk nasu ne, yaran shagonka ba za su san ko ɗaya ba. Ban ba ka shawarar sa ba.

Na wasa ƙwaƙwalwa kuwa, Puyo Puyo shi ne sarki. Ƙwayoyi masu launi ke faɗowa bibbiyu, ka haɗa huɗu iri ɗaya su fashe. Gwanintar ita ce ka jera su yadda fashewar farko za ta janyo ta biyu da ta uku, tarkace su rufto wa abokin karawarka. Shi ne aka sauya wa riga aka sayar a Turai da sunan Dr. Robotnik's Mean Bean Machine. Ba ya buƙatar jin Japananci, kuma mutum biyu za su kwana a kansa.

A na faɗa, Streets of Rage ɗinmu Bare Knuckle suke ce masa, kuma na biyun har yau babu kamarsa, ga kiɗa. Wanda ya fi burge ni shi ne Contra na 1994. Na Amurka harsashi ɗaya ka mutu. Na Japan sai an same ka sau uku, kuma za ka ci gaba iya son ranka. Kuɗinsa dai ya wuce hankali, kallonsa kawai na yi ta gilashi.

Kafin ka turo kuɗi ka lura: wutarsu bolt 100 ce, tamu 230, don haka in ka jona adaftarsu kai tsaye za ta ƙone, sai da taransifoma mai rage wuta. Hotonsu ma tsarin NTSC ne, tsohuwar talabijin irin tamu mai tsarin PAL na iya nuna shi babu launi. Siffar kaset ɗin ta bambanta da ta Turai, wasu kuma an kulle su ga na'urar Japan kaɗai. Ka ɗauko min hoton ƙasan na'urarka in ga lambarta, sannan in san ko Puyo Puyo da Bare Knuckle za su shiga.

A gaida Hajiya da kyau.